Katin Ajiya A Cikin Saba: Aikin Minti Goma, Amanar Dubban Jama'a



 Barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa a kan fasahar zamani.

Gaisuwa ta musamman ga mutanen masarautar Karaye. Na cikin garin Karaye, da Turawa, da Yammedi, da masuntan bakin madatsar ruwa ta Challawa, muna gaishe ku. Mutanen Rogo, da Zarewa, da Fulatan, da Beli, sannunku da aiki.

Yau za mu yi magana a kan wani ɗan kati. Tsawonsa bai fi na tafin hannu da yatsu ba. A cikin babbar kwamfuta ake saka shi, kuma shi ke kula da ajiyar bayanai.

Na san wani zai ce, ni manomi ne, ina ruwana da katin kwamfuta? Malam, ka yi haƙuri ka saurara. Da ruwanka. Lambarka ta ɗan ƙasa a cikin kwamfuta take. Kuɗinka na banki a cikin kwamfuta aka rubuta su. Sakamakon jarrabawar 'yarka ma can yake. Duk wanda ya buɗe irin wannan kwamfuta, amanarka ya taɓa.

Shirin namu kashi biyar ne. Na farko, mu san katin da aikinsa. Na biyu, yadda ake zaɓensa a kasuwa. Na uku, shirin da ake yi kafin a buɗe injin. Na huɗu, yadda ake saka shi. Na biyar, abin da ake yi bayan an saka. Matasa masu sha'awar gyaran kwamfuta, maza da mata, ku matso kusa da rediyo. Ku ɗauko biro da takarda.

(Gajeren kiɗa)

To, ga kashi na farko. Mene ne wannan kati?

Mu fara da injin da ake saka shi a ciki. Sunansa saba. Saba babbar kwamfuta ce da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Ita ke riƙe da bayanai. Ƙananan kwamfutocin da ke kan tebur, wurinta suke zuwa su karɓa, wurinta suke mayarwa. Ba a cika kashe ta ba, dare da rana tana aiki.

Ga misali da kowane gida ya sani. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013. Daga 2015 kowa da kwamfuta yake rubutawa. Idan yaronka ya zauna a zauren jarrabawa, tambayoyin da yake gani daga saba suke fitowa. Amsoshinsa kuma can suke komawa.

Idan aka samu matsala a saba, me ke faruwa? Mun gani a watan Mayun 2025. Shugaban hukumar a lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya bayyana cewa an samu tangarɗa. Ɗalibai 379,997, a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, sai da aka kira su su sake rubuta jarrabawa. Wajen sabunta manhajar wasu sabobi ne matsalar ta faru. Ku duba yawan gidajen da abin ya girgiza. Aikin saba ba ya son ganganci.

A cikin saba akwai faya-fayan ajiya. Masu gyara suna ce wa irin wannan faifai had-dis. A kansu ake rubuta komai. Saba ɗaya tana iya ɗaukar faifai huɗu, ko takwas, ko fiye. Wa zai tsara su? Nan katin namu ya shigo.

Ku ɗauki saba kamar babban siton hatsi a kasuwa. Faya-fayan su ne ɗakunan siton. Katin shi ne malamin sito, mai riƙe da littafi. Buhu ya shigo, shi zai ce a kai ɗaki kaza. Mai buhu ya dawo, shi ya san inda aka ajiye. Ranar da malamin sito ya rikice, hatsin yana nan, amma ba wanda ya san na wane ne, ko a ina yake. Matsayin katin ke nan.

Katin iri biyu ne. Akwai wanda ake kira HBA. Shi haɗa faya-fayai kawai yake yi da injin, ya bar wa manhaja sauran tsari. Akwai kuma katin RAID. Shi yana haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki tare, galibi ta yadda ko ɗaya ya mutu, bayanai ba za su salwanta ba.

Masana uku ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, suka fito da sunan RAID a wata maƙala a 1988. Su ne David Patterson, da Garth Gibson, da Randy Katz. Tsarin yana da matakai, kowanne da lambarsa. Ku rubuta.

RAID 0 sauri gare shi, amma babu kariya. Faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi.

RAID 1 faifai biyu ne. Duk abin da aka rubuta a ɗaya, an rubuta a ɗayan. Idan kowanne terabait 2 ne, terabait 2 kawai za ka mora. Ɗayan yana tsare maka baya.

RAID 5 yana son aƙalla faifai uku, kuma yana jure mutuwar ɗaya. Yaya yake yi? Ku yi wannan lissafi tare da ni. An rubuta 3 a faifai na farko. An rubuta 4 a na biyu. An rubuta jimlarsu, wato 7, a na uku. Na biyu ya mutu. Saura 3 da 7. Ko ɗan firamare ya san abin da ya ɓata 4 ne. Lissafin da katin ke yi ya ɗan bambanta da wannan, amma dabarar ke nan.

RAID 6 yana son aƙalla huɗu, kuma yana jure mutuwar biyu. RAID 10 ma huɗu yake so, ya haɗa sauri da kariya.

A taƙaice: saba ce ke riƙe da bayanai, faya-fayai ne ma'ajiya, kati ne mai tsari.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu kashi na biyu. Zaɓen kati a kasuwa.

Mai neman irin wannan kaya daga Karaye ko Rogo, galibi birnin Kano zai nufa, wuraren titin Beirut, ko ya yi oda daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Yawancin abin da kuɗinmu ke iya saye na hannu ne, wanda muke ce wa Beljiyam. Babu laifi a sayi na hannu. Laifin shi ne a saya ido rufe, a dawo gida, a tarar bai shiga ba. An yi asarar kuɗin mota, an yi asarar yini.

Kafin ka tashi daga gida, ƙanena, amsa tambaya biyar.

Ta ɗaya: wace irin saba ce gare ka? Duba gabanta, ka kwafi sunanta da lambarta daidai. Kamfanin Dell yana da sabobin PowerEdge, katinsu PERC. Kamfanin HPE yana da ProLiant, katinsu Smart Array. Akwai kuma MegaRAID na kamfanin Broadcom, wanda ke shiga injina da dama. Kowane kamfani yana wallafa jerin katunan da suka dace da kowace saba. Nemi jerin a intanet, ka karanta.

Ta biyu: wane gurbi ne a cikin injin? Gurbin da ake soka katin sunansa PCI Express. Akwai gajere, akwai dogo. Za ka ga an rubuta x4, ko x8, ko x16. Yawancin katunan ajiya x8 ne. Suna shiga gurbin x8, suna shiga na x16. Wasu sabobin kuma suna da gurbi na musamman da aka tanada don katin kamfaninsu kaɗai.

Ta uku: ƙarfen bayan katin dogo ne ko gajere? Siririyar saba gajeren ƙarfe take so. Ka ce wa mai shago ya haɗa maka da wanda ya dace.

Ta huɗu: wace waya ce, kuma wane faifai? Faya-fayai akwai SAS, akwai SATA. Ku riƙe wannan: katin SAS yana karɓar faifan SATA, amma na SATA ba ya karɓar faifan SAS. Bakin wayoyin ma ya bambanta daga tsohon yayi zuwa sabo. Ɗauki hoton bakin da ke cikin injinka, ka je da shi kasuwa.

Ta biyar, kuma wannan ta fi shafarmu a nan: katin yana da batir? Katin RAID mai kyau yana da 'yar ma'ajiya ta wucin gadi. Yakan riƙe bayani a cikinta na ɗan lokaci kafin ya rubuta a faifai, don aiki ya yi sauri. To, idan aka ɗauke wuta a daidai wannan lokaci fa? Batirin ne zai tsare abin da ba a gama rubutawa ba. Sababbin katuna suna zuwa da wani ɗan ƙunshi mai tara wuta a madadin batir. Da zarar wuta ta ɗauke, sai ya kwashe bayanin zuwa ma'ajiyar da ba ta gogewa. Kun san halin wutarmu. Kati marar wannan kariya bai dace da garuruwanmu ba. Kuma in ka ga batirin ya kumbura, kada ka karɓa ko kyauta ne.

Mu maimaita. Sunan saba. Gurbi. Ƙarfen baya. Waya da faifai. Batir.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, mun zo kashi na uku. A ganina shi ne mafi muhimmanci a shirin yau. Shiri kafin a buɗe injin.

Saka katin ba ya wuce minti goma a hannun wanda ya saba. Shirin kuwa yana iya cin yini guda. Kuma a wajen shirin ake gane gwani.

Abu na farko, ajiye kwafi. Kwafe duk bayanan da ke cikin sabar zuwa wani wuri dabam. Bayan ka kwafe, buɗe kwafin ka tabbatar yana buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba, ba a dogara da shi. Kati in ya lalace, akwai wani a kasuwa. Rajistar ɗalibai ta shekara biyar in ta goge, ba a sayar da ita a ko'ina.

Abu na biyu, sanar da masu amfani da injin. Ka gaya wa shugaban makaranta, ko na ofis, cewa ranar kaza za a kashe saba. Zaɓi ranar da babu aiki. Kada ka buɗe saba ana gobe jarrabawa. Kada ka buɗe ta ana tsakar biyan albashi.

Abu na uku, rubuta yadda ka tarar da komai. Ciro wayarka ka ɗauki hoton bayan injin. Wace waya ke ina? Sannan ka manna 'yar takarda a kan kowane faifai. Wannan na gurbi na 0, wannan na 1, wannan na 2. Idan akwai tsohon kati a ciki, shiga tsarinsa ka rubuta wane mataki na RAID yake kai, da faya-fayan da ke cikinsa.

Abu na huɗu, kashe wuta. Ka fara kashe sabar ta hanyar manhajarta, ka jira ta tsaya da kanta. Sannan ka zagaya baya ka zare wayar wuta. A kula a nan. Yawancin sabobi wayar wuta biyu gare su, don in ɗaya ta samu matsala ɗayar ta riƙe. Zare duka biyun. Ko injin ya yi shiru, matuƙar waya ɗaya na jone, akwai wuta a cikin allonsa. Bayan ka zare, danna maɓallin kunnawa ka riƙe na 'yan daƙiƙu, don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Ka ba shi lokaci ya huce, domin cikinsa da zafi.

Abu na biyar, sauke wutar jikinka. Eh, jikin mutum yana tara lantarki. Kun san lokacin hunturu, idan mutum ya tuɓe rigar sanyi da daddare, yakan ji ƙas-ƙas, har ya ga tartsatsi. Ko ka kama marfin mota ka ji ya ɗan ja ka. Wannan lantarki ne da jiki ya tara, kuma busasshiyar iska ce ke ƙara shi. Mutum ba ya jin jan sai ya kai wajen bolt 3,000. Amma ƙasa da bolt 100 yana iya lalata wasu ƙananan sassan kati. Ke nan za ka iya kashe kati ba tare da ka ji komai ba. Wani lokaci ma ba nan take zai mutu ba. Zai yi ta aiki yana tsayawa, har ka rasa gane kansa.

Maganinsa ba tsada. Akwai wani ɗan maɗauri da ake sa wa a wuyan hannu, mai siririyar waya da ɗan maƙali a ƙarshenta. Ka ɗaura shi ya taɓa fata, ka maƙala ɗaya bakin a jikin ƙarfen sabar, inda babu fenti. In ba ka da shi, riƙa dafa ƙarfen injin kafin ka taɓa kati, kuma ka yi ta maimaitawa. Cire rigar sanyi. Kada ka yi aikin a kan darduma ko kafet. Katin kuma ya zauna a cikin ledarsa mai ƙyalli har sai lokacin sakawa ya yi.

Ku faɗa tare da ni, abu uku da ba a tsallakewa. Ajiye kwafi. Zare wuta. Sauke wutar jiki.

(Gajeren kiɗa)

Kashi na huɗu. Yanzu sai aikin hannu. Mu bi shi sannu a hankali.

Ka yi bisimilla, ka ɗaga sakatar murfin, ka ja shi baya, ka ɗauke. Juya murfin ka duba cikinsa. Yawancin kamfanoni suna manna taswirar injin a nan. Za ta nuna maka kowane gurbi da sunansa. A injinan Dell, wuraren da aka tanada don kamawa da hannu an yi musu launin shuɗi.

Za ka ga wata roba mai faɗi ta rufe tsakiyar injin. Ita ke karkata iskar fanka zuwa inda ake bukata. In ta tare maka hanya, ɗage ta ka ajiye a gefe.

A siririyar saba, katin ba ya tsayawa kai tsaye a kan babban allo. Akwai wani ƙaramin allo da ke tsaye, wanda katin ke shiga ta gefensa, a kwance. Ɗago wannan ƙaramin allo da hannu biyu. Cire ɗan ƙarfen da ya toshe tagar baya, ka adana shi.

Yanzu fito da katin daga leda. Kama shi ta gefe-gefe. A ƙasansa akwai jerin ƙananan haƙora masu ruwan zinare. Kada yatsa ya taɓa su. Gumi da maiƙon hannu suna hana su haɗuwa da kyau.

Duba haƙoran, za ka ga wata 'yar tsaga. Duba gurbin, za ka ga ɗan tudu a cikinsa. Daidaita tsagar da tudun. Ɗora manyan yatsunka biyu a kan kafaɗun katin, ɗaya a kowane gefe. Danna daidai wa daida, ba tare da karkacewa ba. Za ka ji ya zauna. Sunkuya ka duba. In har kana hango ruwan zinaren a gefe ɗaya fiye da ɗayan, bai zauna ba. Zare ka sake. In ya ƙi shiga, kada ka sa ƙarfi. Akwai abin da bai daidaita ba. Tsaya ka duba.

Ya zauna? To, rufe sakatar da ke riƙe ƙarfen bayansa, ko ka ɗaure shi da sukundireba.

Sai batir. Yana da mazauninsa a cikin injin. Sa shi a nan, ka jona siririyar wayarsa a jikin katin. Kada ka bar shi yana lilo, kuma kada ka ɗora shi a kan abu mai zafi.

Sai wayoyin bayanai. Suna tashi daga katin zuwa allon da faya-fayai ke jingine da shi a gaban injin. Bakunan suna da alama, A da B, ko 0 da 1. A ta tafi A. B ta tafi B. In ka musanya su, lambobin faya-fayai za su rikice. Ranar da ɗaya ya mutu, sai ka je ka zare mai lafiya. Tura kowace waya har ka ji ta ce ƙyas. Bi da ita ta gefen bango, ta hanyar da aka tanada. Kada ta gitta gaban fanka, kada kuma ka lanƙwasa ta da ƙarfi.

Mayar da ƙaramin allon. Mayar da robar iska. Kada a manta da ita, domin katin yana zafi sosai, kuma da iskar nan yake rayuwa. Ƙirga kayan aikinka, ka tabbatar ba ka bar noti ko sukundireba a ciki ba. Rufe murfi. Jona wayoyi kamar yadda hotonka ya nuna.

(Gajeren kiɗa)

Kashi na biyar, kuma na ƙarshe. An saka kati. Aiki bai ƙare ba tukuna.

Kunna sabar. Fankoki za su yi ƙara da farko, sannan su lafa. Zuba ido a kan allon kallo. Shiga tsarin injin: a Dell maɓallin F2 ne, a HPE kuma F9. Nemi sunan katin. Ya bayyana? Ƙirga faya-fayan da yake gani. In huɗu ka saka amma uku yake nunawa, kashe, zare wuta, ka sake duba waya.

Yanzu ku kasa kunne sosai, domin a nan aka fi yin kuka. Idan faya-fayan suna ɗauke da tsohon tsari daga wani kati, sabon katin zai ce ya ga baƙon tsari. A injina da yawa zai ba ka zaɓi biyu da Turanci. Ɗaya Import, wato karɓi tsarin yadda yake. Ɗaya Clear, wato share shi. In bayanan ciki kake so, karɓa za ka yi. In ka share, ka goge littafin da ke nuna inda komai yake. Kuma a sani, katin wani kamfani galibi ba ya gane tsarin da katin wani kamfani ya rubuta. In ba ka fahimci abin da allo ke tambayarka ba, cire hannunka. Ɗauki hoto, ka kira wanda ya fi ka sani. Tambaya ba ta rage darajar mai sana'a.

In kuwa faya-fayan sababbi ne, sai ka zaɓi matakin RAID, ka haɗa su. Ka sani, haɗa sabon tsari yana shafe abin da ke kan faifai. In akwai hali, ware faifai ɗaya ya zauna a jiran ko-ta-kwana. Da zarar wani ya mutu, katin zai ɗauke shi ya maye gurbin da kansa.

Sai direba. Wata ƙaramar manhaja ce da ke sa Windows ko Linux su gane katin. Daga shafin kamfanin da ya ƙera injin ake saukar da ita. Akwai kuma manhajar da aka dasa a jikin katin kansa, ita ma akan sabunta ta. Amma kada ka fara sabunta ta sai wutarka tsayayya ce. In wuta ta ɗauke a tsakiya, katin na iya mutuwa gaba ɗaya. Jona sabar a kan UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta, ko a kan inbata mai cikakken caji.

Bayan nan sai kulawa ta yau da kullum. Maƙiyan saba a ƙasarmu uku ne: ƙura, zafi, da wasan wuta.

Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska. A rufe tagogin ɗakin, a ɗaga injin daga ƙasa, a riƙa kashe shi lokaci-lokaci ana hure shi da bulowa. Zafi kuwa, masana sun ba da shawarar ɗakin saba ya kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27. Mu kuwa a watan Afrilu muna kaiwa 40. Zafi yana gajarta ran batir da na faifai. In babu na'urar sanyaya ɗaki, aƙalla a zaɓi ɗaki mai inuwa da iska. Wuta kuma, kada a jona saba kai tsaye da janareta. A sa UPS a tsakani, kuma a tabbatar ginin yana da wayar nan da ake binnewa a ƙasa.

Kowace safiya a leƙa gaban injin. Kowane faifai yana da 'yar fitila. Koriya, lafiya lau. In ta koma ruwan lemo, faifan yana neman ɗauki. A canza shi a ranar, ko da injin na ci gaba da aiki. A RAID 5, in ɗaya ya mutu, kariya ta ƙare. Na biyu ya bi shi, komai ya tafi. Haka kuma in ka ga saba ta yi nauyi ba gaira ba dalili, duba batirin katin. In ya mutu, katin yakan daina amfani da ma'ajiyarsa ta sauri don kare bayanai.

Ga wata magana da nake so kowa ya tafi da ita. RAID yana kare ka daga mutuwar faifai kaɗai. Ba ya kare ka daga gobara. Ba ya kare ka daga ɓarawo, ko tsawa, ko ma'aikacin da ya goge fayil bisa kuskure. Abin da aka goge a faifai ɗaya, an goge shi a duka. Saboda haka a riƙe ƙa'idar 3, 2, 1. Kwafi 3 na bayanai. A kan ma'ajiya iri 2. Kwafi 1 a wani gini dabam.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, lokaci ya kusa cim mana. Bari mu tattara.

Ka san injinka kafin ka je kasuwa. Ajiye kwafi. Zare wuta, waya biyu. Sauke wutar jiki. Kama kati ta gefe, kada ka sa ƙarfi. A ta tafi A, B ta tafi B. Kada ka share tsarin da ba ka gane ba. Ka riƙa duba fitila kullum.

Kirana na farko ga shugabannin makarantu, da asibitoci, da ofisoshi. Bayanan da ke hannunku na jama'a ne. Tun 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan mutane, kuma ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya tara su. Idan mai gyara ya ce a sayi batir, ko faifan ko-ta-kwana, ko UPS, ku saurare shi. Idan ya ce yana bukatar yini guda ya kwafe bayanai, kada ku matsa masa. Rigakafi ya fi magani.

Kirana na biyu ga matasanmu na Karaye da Rogo. Wannan sana'a ce, kuma tana da kasuwa. A 2023 aka buɗe babbar cibiyar ajiyar bayanai ta Galaxy Backbone a birnin Kano. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha. Sabobi sai ƙaruwa suke yi, kuma kowacce tana bukatar hannu mai natsuwa. Bai kamata a ce duk sanda injin ya tsaya a garinmu sai an jira wani ya taso daga birni ba. Ku haɗa kuɗi ku sayi tsohuwar saba wadda babu bayanan kowa a ciki. Ku buɗe, ku saka kati, ku cire, ku sake sakawa. Ku zare faifai ɗaya da gangan, ku ga yadda tsarin ke farfaɗowa. A kan irin wannan injin ake koyo, kafin a taɓa na jama'a. 'Yan mata, da ku nake. Aikin nan natsuwa yake so da tsabtar hannu, ba ƙarfin damtse ba.

Iyaye kuma, idan yaro ya nuna sha'awa, a ƙarfafa masa gwiwa. A kai shi wurin mai sana'a na ƙwarai, mai gaskiya, ya koyi aikin tare da riƙon amana.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji, ya sanar da wanda bai ji ba. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.